Tambaya kan tuƙa jirgin haya a kanal ɗin Ingila

Ɗan Auyo:
Assalamu alaikum. Ɗana da ke karatu a Birmingham ya kama mana hayar jirgin ruwa ta kwana 3 a kanal, wato hanyar ruwa da aka haƙa, idan na je bikin kammala karatunsa, kuma ya ce ni zan riƙe tuƙi, tunda da kwalekwale na tashi a kogin Haɗeja. Abin da ke damuna shi ne ɗakunan nan masu ƙofa gaba da baya, waɗanda ake cikawa da ruwa ko a rage domin jirgi ya hau tudu ko ya sauka. Wanda ya taɓa shiga ya taimaka mini.

Malamin Ringim:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Faɗin jirgin ƙafa 6 ne da inci 10, na ɗakin kuwa kimanin ƙafa 7, saboda haka ko gwani yakan gogi bango. Jirgin ba shi da birki, sai dai a sa injin a baya, kuma idan yana ja da baya ba ya jin tuƙi sosai. In ka tura sandar tuƙi dama, goshinsa hagu zai nufa, gindinsa kuma ya karkata waje, domin a tsakiyarsa yake juyawa. Doka mil 4 ce a awa, amma a bakin ƙofa ka rage har ya zama kamar tafiyar tsoho.

'Yar Kura:
Baba, ni dakali ne ya fi ba ni tsoro. A ƙarƙashin ƙofar da ke ɓangaren tudu akwai dakali da ruwa ke rufewa, an kuma yi masa alama da farin fenti a gefen ɗakin. Idan kuna sauka, ka tsayar da jirgin gaba da alamar, domin in gindinsa ya hau dakalin ruwa na janyewa, goshi zai nutse. Da ka ga ya maƙale, a rufe mashiga da mafitar ruwan duka nan take. Kada kuma a ɗaure igiya tamau. Wajen hawa, a murɗa ƙarfen buɗe ruwa kaɗan-kaɗan, saboda ƙarfin ruwan yana fizgar jirgi.

Ɗan Auyo:
Allah ya saka da alheri, 'yata. Ɗan nawa ya ce wajen garin Worcester za mu nufa.

Malamin Ringim:
To, Alhaji, ka shaida masa cewa a Tardebigge, wani wuri a kan hanyar Worcester ɗin, ɗakuna 30 ne a jere, kuma shi ne zai riƙa sauka yana tura ƙofofin.