Don Allah a duba mini: "mesmerizing" ta dace a takardar neman tallafin karatu?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Juma'a za a rufe karɓar takardun tallafin digiri na biyu, ni kuwa na maƙale a layin farko. Kimiyyar sinadarai na karanta, na gama bautar ƙasa, Baba ya ce in ban samu bana ba a bar maganar, ga yayata ta riga ta baza wa dangi cewa zan tafi. Na rubuta "I am mesmerizing by chemistry". Wata ta ce akwai kuskure, ba ta ce ina ba.

Malamin Turanci: Wa alaikumus salam ƙanwata. Matsalar tana wutsiyar kalmar. Mai -ing ta abin da ya ɗauke hankali ce, mai -ed ta wanda aka ɗauke wa hankalin. Daidai shi ne "mesmerized by". Amma ko kin gyara, ki cire ta. Daga sunan Franz Mesmer ta fito, likitan nan Bajamushe da ya mutu a 1815, wanda yake jefa marasa lafiya cikin wani yanayi mai kama da suma a Paris, har kwamitin da sarkin Faransa ya naɗa a 1784 ya ƙaryata iƙirarinsa na cewa da wani ƙarfin maganaɗisu yake warkarwa. Shi ya sa ake faɗinta ga abin da ke kafe ido mutum ya kasa kau da kai: rawa, harshen wuta, guguwa. Fannin da aka shekara huɗu ana karantawa bai shiga nan ba. Ki sa "fascinated by".

Wata edita: Malam, da girmanka, "fascinated" kowa ita yake sawa. Ta cire siffar gaba ɗaya, ta buɗe da gwajin da ta yi a aikinta na ƙarshe. Abin takaici, tun sakandare ake koya wa yara cewa babbar kalma ita ce Turanci. Kuma wace ƙasa za ta je karatun? A rubutun "mesmerizing", Amurka z suke sawa, a Ingila an fi sa s.

Wani ɗan'uwa: Masu gyaran takardu ma sun zama abin tsoro, su karɓi kuɗi su cusa maka kalmomin da ba ka sani ba.

Mai tambaya: Na gode, amma gaskiya haka nake ji in ruwa ya sauya launi a gwaji, ido na kafewa. Zan mai da ita -ed kawai.

Malamin Turanci: To sauyin launin ne "mesmerizing", ba fannin ba. Ki rubuta shi haka ko ki bar ta.

Wata edita: Har yanzu ba ki faɗi ƙasar ba.