Dan Allah wa zai min bayanin yadda feftayid mai jelar kitse ke haɗa kansa?

Ummi_Agege:
Assalamu alaikum yan uwa. Ina aji 4 a harhaɗa magunguna, an ba ni seminar kan feftayid da ake maƙala wa kitse su dunƙule da kansu su ɗauki magani, wlh na karanta har kaina ya yi zafi. Abin da ya tsaya min shine wai ba injin da ke jera su, kawai a zuba a ruwa sai su jeru, ta yaya? Kuma akwai wanda ya kai ga marar lafiya ko duk a lab ya tsaya? Abin ya shafe ni don Babanmu na da ciwon suga, kullum da allura yake.

Malam_Sani_IdiAraba:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki tuna wankin kwanon miyar manja. Kowane ƙwayar sabulu kansa na son ruwa jelarsa na gudun ruwa, da sun yi yawa sai jelolin su cure a tsakiya kawunan su fuskanci waje, shine misel, maiƙon kwanon kuma ya shige ciki. Toh feftayid ɗin ma haka ne, sarƙar amino asid ce gajera sai a ɗaura mata jela, galibi falmitik asid mai kabon 16, kuma shi wannan asid ɗin kusan rabin kitsen manjan da ake sayarwa a kasuwar Mile 12 ta Legas shi ne, daga sunan kwakwar manja ma ya samo sunansa. Ruwan ne ke korar jelolin su haɗu, ba wani ke jera su ba.

Inda ya fi sabulu shine su feftayid ɗin suna riƙe juna gefe da gefe da haɗin haidurojin, shi yasa maimakon ƙwallo sai ki ga dogon zare, kaurinsa bai wuce nanomita 7 zuwa 8 ba amma tsawonsa ya kai maikuromita, zarurrukan su sarƙe su zama kamar kamu mai kauri. Rukunin Samuel Stupp na jami'ar Northwestern a Amurka ne suka nuna haka a 2001. Magani marar narkewa a ruwa sai ya ɓuya a cikin kitsen tsakiya yana fita a hankali. In kika canza tsamin ruwan ko gishirinsa ko tsawon jelar, siffar ma sai ta canza, nan malamanki za su matsa miki da tambaya, ki riƙe shi da kyau.

Ummi_Agege:
Kai Malam Allah ya saka da alheri, misalin kwanon nan ya zauna min daram. Saura tambaya ta biyu.

Hajiya_Nas_Obalende:
Yata wannan kam ya daɗe da fita daga lab, ni da hannuna nake koya wa mutane yin allurarsa. Sinadarin GLP-1 na jikinmu, feftayid mai taimakawa wajen sauke suga a jini, minti 2 kacal yake kafin jini ya cinye rabinsa, da aka ɗaura masa jelar falmitik aka sami maganin suga liraglutide, Victoza kenan a kasuwa, sai ya kai wajen awa 13 saboda yana curewa a ƙarƙashin fata kuma jelar na kama furotin ɗin albumin na jini ta hau bayansa. Semaglutide mai jelar kabon 18 shi kuma sau ɗaya a sati. Wanda ya fi burge ni insulin degludec ne, Tresiba a kasuwa, shi ma mai jelar kitse, a cikin biron allurar yana ƴan ƙananan dunƙule, da ya shiga jiki sinadarin fenol da ke tare da shi ya watse sai su jone su yi doguwar sarƙa, zinc ɗin da ke riƙe su na zarewa suna ɓallewa ɗaya bayan ɗaya, aikinsa ya haura awa 42. Amma dogayen zarurrukan da Malam ya faɗa, yawancinsu har yanzu gwaji ake a dabbobi, ko gwajin gyaran lakar baya da aka yi da su a 2021 a ɓeraye aka yi, kar ki haɗe su da waɗannan alluran wuri ɗaya a seminar.

Ki duba min allurar Baba kuma. Wannan halin mannewar shi ne ke lalata ta in ta sha zafi ko jijjiga. Akwai wani dattijo da ya zo mana suga ya ƙi sauka sati biyu, na ce ya fito da biron, na ɗaga shi a hasken taga sai ga ruwan da ya kamata ya zama garau ya yi gajimare da ƴan gudaji gudaji, ashe a aljihun kaftani yake yawo da shi cikin motar haya danfo daga Agege har Idumota kullum, raina ya ɓaci sosai don ba wanda ya taɓa gaya masa. Biron da ba a buɗe ba a firij ake ajiye shi, digiri 2 zuwa 8, kar ya ƙanƙare, wanda aka buɗe kar ya wuce digiri 30.

Ummi_Agege:
Innalillahi, Hajiya tasa ma a saman firij yake ajiyewa in an ɗauke wuta, kusa da window. Yanzu zan kira Yaya ya ɗaga ta a haske ya gaya min kalarta.

Hajiya_Nas_Obalende:
Ya karanta miki sunan da ke jiki tukuna, akwai insulin irin NPH da dama can fari fari take kamar madara, kar ku zubar da mai kyau. In wuta ta daɗe ku sa ta a leda ku ɗaure ku ajiye a gindin randa.