Ɗan ƙwaro mai tsalle a tsakiyar masara: wa ya taɓa cin karo da shi?

Manomi daga Soba: Salamu alaikum jama'a. Masarata ta fadama ta fara yin rawaya, ganyen na danƙo kamar an zuba zuma, tururuwa sai hawa da sauka suke. Da na buɗe inda sabon ganye ke fitowa sai ga wasu ƙananan ƙwari cunkus, ka taɓa su su gudu a karkace ko su yi tsalle. 'Ya'yan fara ne?

Dattijo daga Giwa: Wa'alaikumus salam ɗana. Ba fara ba ce. Fara cin ganye take, ta bar huda. Wannan tsotsar ruwan shuka yake, danƙon nan kashinsa ne, shi tururuwa ke bi. Mu dai darɓa muke ce wa duk irin wannan danƙo. In ya daɗe sai ganyen ya yi baƙi. Na sha ganinsa a dawa.

Malamin gona, Zariya: Gaskiyar Baba. Masana na kiransa Peregrinus maidis, tsawonsa kusan milimita 3, launin ƙasa-ƙasa, fikafikansa garai-garai. Macen takan tsaga jijiyar tsakiyar ganye ta cusa ƙwai a ciki, shi ya sa ba ka ganinsu. Cikin kamar mako guda su ƙyanƙyashe, 'ya'yan ba fiffike, su yi saɓa sau 5 kafin su girma. Daga ƙwai zuwa babba kusan wata guda ne in da ɗumi. Manyan iri biyu ne: masu gajeren fiffike da ke zaune a gona suna hayayyafa, da masu dogo, waɗanda ke tashi neman sabuwar gona in wuri ya cika ko shuka ta tsufa. Abin da ya fi damuna ba tsotsar ba ce, cutar da yake ɗauka daga wannan masara zuwa waccan, ganye ya yi zane-zane, shukar ta tsumbure.

Wata manomiya, Saminaka: Malam, nawa a cikin kumfa kamar miyau na same su, a hammatar ganye.

Malamin gona, Zariya: Hajiya, naki daban ne, ɗan uwansa ne dai. Mai kumfa ya fi girma, 'ya'yansa ke ɓuya cikin kumfar. Ɗan'uwa na Soba, kafin ka sayi magani ka yanko ganye biyu da ƙwarin a leda ka kai wa malamin gonarku. Akwai tsohuwar masara ko dawa kusa da kai?

Manomi daga Soba: Akwai Malam, ta maƙwabcina ta riga tawa da kusan wata guda. Gobe in sha Allah zan duba tasa.