Karanta Treasure Island da yara: shawarwarin malamai da iyaye

Malamai da iyayen da suka tattauna kan littafin Robert Louis Stevenson na 1883 sun fi ƙarfafa abu guda: babi 34 ne, a riƙa karanta ɗaya ko biyu a zama, a kuma tsaya kafin Jim Hawkins, yaron da ke ba da labarin tafiyarsu neman taska a wani tsibiri, ya yanke shawara, a tambayi yaro me zai yi. In an bari sai ƙarshe, yaro zai auna kowane zaɓi da sakamakonsa kawai. Nan matsalar take, domin Jim ya sulale daga sansani ba izini, ya yanke igiyar jirgin Hispaniola, sa'a kuma ta fishe shi. A nuna wa yaro cewa kyaftin Smollett ya ce ba zai sake tafiya teku da shi ba.

An fi daɗewa kan babi na 30. Jim na hannun 'yan fashin teku, likita Livesey ya ce ya tsallake shinge su gudu, ya ƙi, saboda ya yi wa Long John Silver, mai dafa abincin jirgin, alkawarin ba zai gudu ba, duk da ya san ɗan fashin teku ne. Wannan babin ya cancanci zama guda shi kaɗai.

Kada a gaya wa yaro tun farko cewa Silver maci amana ne; a bar shi ya so mai dafa abincin nan mai fara'a, har ya ji makircinsa daga cikin gangar tuffa a babi na 11. Sakin bakin Trelawney, attajirin da ya shirya tafiyar, a garin Bristol kuwa, tambaya ɗaya ta isa: wa ya ji labarin taskar?