Da me ya kamata mu auna depite: aikinsa a majalisa ko zamansa a gida?

Mazaunin Bagalam:
Assalamu alaikum. Jiya bayan sallar isha'i gardama ta kaure a fadarmu kan wani tsohon depite na jihar Maradi da ya shiga majalisa a zaɓen 27 ga Disamba 2020, ya zauna har aka rushe ta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023. Aka kwashe awa biyu ana maganar yawan matansa da gidan da ya gina a Yamai, amma ba wanda ya iya faɗin ko sau ɗaya ya tashi ya tambayi minista batun satar shanu da garkuwa da mutane a yankin Madarumfa. Abin ya dame ni ƙwarai. Shin muna da hurumin shiga rayuwar gidansa?

Malama daga Tasawa:
Wa alaikumus salam, Malam. Aurensa da iyalinsa ba ruwanmu, addini ma ya hana bin diddigin asirin mutane. Aikin depite shi ne yin doka, amincewa da kasafin kuɗi da sa ido kan gwamnati, kuma a nan ya kamata mu tsare shi da tambaya.

Dattijo daga Gidan Rumji:
Malama, ban ƙi taki ba, sai dai ki tuna cewa a zaɓenmu na 2020 jerin sunayen jam'iyya aka jefa wa ƙuri'a a jiha baki ɗaya, saboda haka talaka bai san wanda ya aika Yamai ba sai ta ƙofar gidansa. Na yi maƙwabtaka da wani depite shekara biyar. Tun da asuba za ka tarar da tabarmi cike, wannan riƙe da takardar magani, wancan yana neman ragon suna, shi kuwa yana zaro jika biyu, jika biyar, har rana ta take. Wanda ya samu ya ce mutumin kirki ne, wanda ya rasa ya tafi yana zagi, kuma ban taɓa jin ɗayansu ya tambaye shi dokar da ya sa wa hannu ba.

Mazaunin Bagalam:
Baba, wannan kuɗin da yake rabawa shi ne inda nake ganin gida da majalisa suka haɗu, domin albashi kaɗai ba zai ɗauki wannan nauyi ba. Batun matansa na bar shi, amma inda dukiyar take fitowa ina ganin haƙƙinmu ne mu tambaya.