Mutum uku masu suna ɗaya a kundin Griffith, wanne ne namu?

Jama'a, ku taimaka, na kakare. Ina bin salsalar dangin matata a gundumar Mayo ta ƙasar Ayalan. Na sami sunan kakan kakanta a littafin harajin coci na 1823 zuwa 1837. Da na koma kundin kimanta filaye na Griffith, na 1847 zuwa 1864, sai ga mutum uku masu sunan a ƙauye guda. Kundin bai rubuta shekaru ko 'ya'ya ba, sai abubuwa irin su sunan ɗan haya da na mai gona da yawan eka da ƙimar filin.

Rajistar baftisma ta cocinsu ta fara a makare, takardun ƙidayar 1851 kuma sun ƙone a Dublin a 1922.

Wace takarda ce za ta nuna wanda ya gaji kowace gona bayan kundin Griffith, don in gane wanne ne namu?