Taekwondo ko judo ga yaro ɗan shekara 7? A ba ni shawara

Maman Auta: Assalamu alaikum. Yarona shekararsa 7, ba shi da jiki, yana sa tabarau, kuma yana da asma amma ba mai tsanani ba. Makarantu biyu na gani. Ta farko taekwondo ce, wuri tsaf-tsaf, sai dai dole a sa hannu a yarjejeniyar shekara guda, kuma ba sa barin iyaye su shiga lokacin horo. Ta biyu judo ce, wata-wata ake biya, iyaye na zama su kalla, amma koci ɗaya ne ga yara 25. Wacce zan ɗauka?

Baban Yara: Wa alaikumus salam. Karate za ki kai shi, ita ce uwar ladabi.

Koci Dogo: Hajiya, ajiye batun sunan wasa tukuna. Makarantar da ke rufe ƙofa da ƙananan yara a ciki, ba taga, ba wurin da uwa za ta hango, ni ban yarda da ita ba ko da kocin zakaran duniya ne. Ki nemi zama aji guda kafin ki biya komai. Ki lura da yadda yake yi wa yaron da ya kasa, ba wanda ya iya ba. Ki tambayi takardar shaidarsa da ƙungiyar da ta ba shi, da ko ya iya taimakon gaggawa. Ajin 'yan shekara 6 zuwa 8 kada ya wuce minti 45 zuwa awa ɗaya, sau biyu a mako ya isa.

Mai Judo: Ƙarin bayani kan ta biyun. Makonnin farko a judo faɗuwa ake koya, ba kayarwa ba, shi ne ukemi: haɓa a manne da ƙirji don kada ƙeya ta bugu, hannu ya daki katifa a miƙe. Yaron da bai iya wannan ba zai dogara da tafin hannu, nan ne wuyan hannu ke karyewa ko gwiwar hannu ta goce. Ki danna katifar da ƙafa. Ta judo kaurinta santimita 4 zuwa 5, siririyar nan mai haƙora ta santimita 2 ta masu shuri ce, ba ta kayarwa ba. Shaƙe wuya da murɗe gwiwar hannu kuwa ba na ɗan shekara 7 ba ne. Yara 25 ga koci ɗaya sun yi yawa: in aka haɗa su bibbiyu, kokawa goma sha biyu ke nan lokaci guda, kawuna ne ke haɗuwa. Sai dai in yana da mataimaki ko yana raba su kashi biyu.

Ba Sani Ba Sabo: Ku bar zancen katifa, ku faɗa mata gaskiya a kan masu yarjejeniyar shekara. Kuɗin wata da suke nuna miki tarko ne. Bayan wata biyu sai a ce gwajin bel, a biya. Ba yaron da ke faɗuwa gwajin, don in ya faɗi ba za a sake biya ba. Tsakanin fari da baƙi sai su cusa launuka har da masu ratsi, kowanne da kuɗinsa. Sai riga dole a wurinsu za a saya, sai hular kariya, sulken ƙirji, na ƙwauri, na hannu, robar haƙori, duk da tambarinsu. Yaro ya gaji a wata na uku, a ce sauran wata tara bashi ne a kanki. Ƙarshenta a ɗaura wa ɗan shekara 9 baƙin bel alhali ko tsayuwa bai iya ba. Kuɗin gwaji ɗaya ya fi na wata.

Baban Yara: A'a Malam, ba ko'ina ba. Wurare da yawa gwajin yana cikin kuɗin wata, bel ɗin kawai za ka saya.

Koci Dogo: Duk biyun akwai, shi ya sa a rubuce za ta karɓi jerin kuɗaɗen shekara da sharaɗin fita. Batun baƙin bel kuma, Kukkiwon, hedikwatar taekwondo da ke Koriya ta Kudu, ba ta ba wanda bai kai shekara 15 ba dan, wato darajar baƙin bel, poom take bayarwa, bel mai ja da baƙi.

Ba Sani Ba Sabo: Kai ai koci ne, dole ka kare tukunyarku.

Koci Dogo: Ni na fara ce mata kada ta biya. Karanta sama.

Ɗan Autan Zaure: Hajiya, ki dai koya wa yayyensa gudu tun yanzu 😂

Anti Nas: Kowa ya tsallake asmar. 'Yar'uwa, ki fara ganin likitansa. Inhela ta kasance a bakin katifa, ba cikin jaka a mota ba, kocin kuma ya san yadda ake shaƙa masa. Ɗumama jiki na minti 10 zuwa 15 yana rage tashinta. Tsohuwar katifa mai ƙura a ɗaki marar iska ta fi wasan kansa tayar da ita. Ki tambayi sau nawa suke goge ta da maganin ƙwayoyin cuta, don makero yana yawo a wasannin da ake cuɗanya jiki. Shuri a kai kuwa, ko da hula, a wannan shekarun ban ga amfaninsa ba. Hula tana hana fashewar fata, ba ta hana ƙwaƙwalwa girgiza.

Mai Judo: Anti, da girmamawa, wanda bai taɓa taka katifa ba yakan ga komai haɗari.

Anti Nas: Waɗanda suka taka ɗin wurinmu ake kawo su.

Ba Sani Ba Sabo: Ai gara ma katifa da gasa. Ana raba yara ne da nauyi, sai ka ga koci ya hana yaro abinci da ruwa daren awo don ya sauka rukunin ƙasa, ya ciwo wa makaranta lamba a liƙa a bango.

Koci Dogo: Wannan kam ban musa ba. Yaro mai tasowa ba a rage masa nauyi, rukuninsa yake shiga ko ya haƙura.

Maman Auta: Na gode ƙwarai. To tabarau fa, cirewa zai yi? In ya cire ba ya gani daga nesa.

Baban Yara: Kuma wasu masu shirya gasar har da kuɗin shiga kallo suke karɓa a hannun iyayen da suka riga suka biya wa yaro rajista. Wannan a wace doka yake?